Taurarin Miro da Daren Ruwan Godiya

Idan aka ɗauki ɗaya daga cikin zane-zanen nan ashirin da uku na Joan Miro, mutumin ƙasar Sifen, aka ajiye a gaban ɗalibin jami'a ko matashin ma'aikaci a ƙasar nan, mun san abin da zai fara fita daga bakinsa. Zai ce kaza ce ta taka tawada ta bi ta kan takarda. In kuwa aka ƙara masa da cewa a shekarar 2017 an yi gwanjon guda ɗaya tak a birnin Landan a kan kuɗi fiye da fam miliyan 24, sai ya riƙe baki ya ce lalle kuɗi sun yi wa Turawa yawa. Ba mu ga laifin mai dariya ba, kowane ido da abin da ya saba gani. Amma ra'ayinmu a wannan shafi shi ne, babu mutanen da ya kamata su gane waɗannan takardu da wuri kamar Hausawa, tun ba ma waɗanda suka fito daga kudancin Jihar Katsina ba, wajen su Ruwan Godiya da Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara. Mutumin nan ya zana taurari ne a lokacin da yaƙi ya hana garinsu kunna fitila, mu kuwa ga mu da garuruwan da tsoro ya hana mutanensu ɗaga kai su dubi sama.

Bari mu fara da shi kansa mai zanen, don kada a ce muna yabon wanda ba a sani ba. An haifi Miro a 1893 a Barcelona, garin da samarinmu suka sani saboda ƙwallo, ya rasu a 1983 yana da shekara 90. Bakatalane ne, watau daga wata al'umma ta arewa maso gabashin Sifen mai harshenta dabam, kuma iyayensa suna da gona a wani ƙauye mai suna Mont-roig, inda ya riƙa komawa duk tsawon rayuwarsa. Sa'ad da yaƙin basasa ya ɓarke a Sifen a 1936, sai ya zauna a Faransa, ya goyi bayan gwamnatin jamhuriya wadda Janar Franco ya kayar a 1939. Kafin ya gama jimamin wannan, sai ga yaƙin Hitila. A tsakiyar 1939 ya kwashi iyalinsa ya koma Varengeville, wani ɗan ƙauye a bakin teku a arewacin Faransa, yana zaton can wuta ba za ta kai ba.

A wannan ƙauye ne, cikin watan Janairu na 1940, ya fara aikin da muke magana a kai, wanda sunansa in an juya shi da Hausa yake nufin gungun taurari. Hukuma ta kafa dokar kashe fitilu da dare don kada jiragen yaƙi su ga abin jefa wa bom, mutane suka shafe tagoginsu da shuɗin fenti. Gari ya yi duhu ƙirin, sama kuwa ta buɗe. Takardun da ya samu ƙanana ne, kowace ba ta wuce santimita 38 a 46 ba, watau kamar faifai babba. Ya kan goge burushinsa a jikin takarda bayan ya gama wani aiki, sai dattin fentin ya bar wani irin dishi-dishi mai kama da hazo, a kan wannan hazon ne yake bi da siririn layi baƙi, yana ɗiga ɗigo, yana haɗa wannan da wancan. Ya gama guda goma, sai sojan Jamus suka kutso Faransa a watan Mayu. Ya shiga jirgin ƙasa da matarsa da 'yarsa cikin turmutsutsun masu gudu, takardun nan goma suna cikin jaka a hammatarsa. Ya koma Sifen ɗin da Franco ke mulki, ya lafe a Palma, garin su matarsa a tsibirin Mayorka, ya yi wasu goma. Ukun ƙarshe a gonar Mont-roig ya yi su, ya aje burushi a watan Satumba na 1941. Sai a farkon 1945 aka nuna su ga jama'a a New York, yaƙi bai ma ƙare ba tukuna.

To, me ke cikin takardun? Wanda ya zo neman hoton sama irin na littafin labarin ƙasa ba zai same shi ba. Abin da zai gani shi ne ɗigo-ɗigo baƙaƙe manya da ƙanana, da layuka sirara kamar zaren gizo-gizo suna ratsa juna, da jinjirin wata, da tauraro wanda aka yi da layi huɗu da suka gicciye, da ido nan, da wani abu mai kama da tsuntsu can, da tsani wanda bai jingina da kome ba. Launukan kaɗan ne: baƙi, ja, shuɗi, rawaya, wani lokaci kore. Akwai kuma wata ƙa'ida da ya riƙe, wadda sai an natsu ake lura da ita: duk inda siffa biyu suka hau kan juna, sai launin wurin ya sake, baƙi ya koma ja, ja ya koma baƙi. Saboda haka babu inda ido zai tsaya ya huta, daga wannan ɗigo sai layi ya ja ka zuwa wancan, har ka zagaye takardar ba ka sani ba. Duk wanda ya taɓa kwanciya rigingine a kan tabarma a tsakar gida cikin bazara, yana bin taurari da ido har barci ya ɗauke shi, ya san wannan tafiya. Ɗaya daga cikinsu ya sa mata sunan tauraron asuba, watau Gamzaki, ita ce kuma bai yarda a sayar ba, ya ba matarsa. Yau tana gidan adana ayyukansa da aka buɗe a Barcelona a 1975.

Yanzu sai mu dawo gida. A ƙauyukan ƙasar Faskari, kamar sauran ƙasar Hausa, dare rabin rayuwa ne. Rana ta gona ce da kasuwa da rijiya, dare kuwa shi ne na mutane. Da an yi sallar lisha, in da farin wata, 'yan mata sun nufi dandali, samari suna langa, almajirai sun kewaye wutar kara suna biya allo, dattawa suna ƙofar gida a kan buzu ana ta zancen damina da farashin auduga a Funtuwa. A cikin gida kaka tana ba jikoki tatsuniya, wadda dama al'ada ta hana a yi ta da rana. Cikin zafin bazara ba mai shiga ɗaki, gida duka a waje ake kwana. A irin wannan kwanciya ne yaro yake fara jin cewa wancan gungu da ke cure wuri ɗaya Kaza ce da 'ya'yanta, waccan mai haske kusa da jinjirin wata Zara ce matar wata, wanda kuma zai fito gab da kiran assalatu shi ne Gamzaki. (Masana sun tabbatar Zara da Gamzaki abu ɗaya ne, duniya ce mai zagaya rana kamar tamu, wani lokaci ta bayyana da magariba, wani lokaci da asuba. Wannan bai rage wa sunayen daɗi ba.) Ba a aji ake koyar da wannan ba, kuma ba a rubuce yake a gidajen ba. Sai an zauna a waje, da dare, hankali kwance, babba ya nuna da yatsa yaro ya bi.

Abin da ya sami wannan yanki kowa ya sani. A watan Yuni na 2020 aka afka wa Kadisau a ƙasar Faskari aka kashe mutane da yawa. A daren 11 ga Disamba na shekarar aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, daga ɗakunan kwanansu, aka kora su daji a ƙafa. A 2021 Gwamnatin Jiha ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, hanyar da mutanen Ruwan Godiya suka sani kamar tafin hannunsu, aka kuma yanke layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na tsawon watanni, har da Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara. An yi sulhu ya warware, an kafa rundunar tsaron al'umma a 2023. Duk wannan an rubuta shi a jaridu. An ƙirga gawa, an ƙirga shanu, an ƙirga kuɗin fansa da buhunan masarar da aka bari a gona. Abin da ba mu taɓa ganin an sa a lissafi ba shi ne daren da aka ƙwace. Shekara da shekaru mutane suna kulle ƙofa tun magariba, ko kuma su kwana a cikin dawa suna kasa kunne ko za su ji ƙugin babur. Wanda ya kwana a jeji don gudun ransa, sama tana bisa kansa da dukan taurarinta, amma ba ita yake kallo ba. Farin wata ma da ake yi wa murna ya zama abin fargaba, domin yana haska wa mai zuwa hanya. Ko a garin da aka samu sauƙi, yaron da aka haifa cikin shekarun nan ya tashi bai san dandali ba, kuma ba a mayar wa yaro shekara goma da ta wuce.

Kada a ɗauka maganar wasa da tatsuniya kaɗai muke yi. Akwai ilmi sosai a cikin abin da ke salwanta. Malamanmu na zaure suna raba shekara gida 28, kowane gida da tauraruwarsa, kowace tana kwana 13, in ban da Jabaha mai kwana 14, sai lissafi ya cika 365 daidai. Bakwai na bazara, bakwai na damina, bakwai na kaka, bakwai na ɗari. Na damina su ne Haƙa'a, Hana'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabaha da Harsan, ko da yake furucin yana ɗan sauyawa daga gari zuwa gari. Kafin su akwai Surayya, wadda ita ce Kazar da yara suka sani, da Dabaran mai bin bayanta. Tun da watannin Musulunci suna zagaya shekara, azumi ya faɗo yau cikin ɗari, bayan wasu shekaru cikin bazara, manomi ba zai iya dogara da su wajen shuka ba. Wannan lissafi na taurari shi ne kalandarsa ta gona. Da shi yake sanin ko ruwan da ya sauka na shuka ne ko na yaudara, ko shuka ta makara, ko saura kwana nawa ruwa ya ɗauke. Tsoho a Ruwan Godiya wanda bai taɓa riƙe fensir ba yana iya gaya maka tauraruwar da ake ciki da kwanakin da ta yi, kamar yadda ma'aikaci ke sanin saura kwana nawa a yi albashi. Yau da yawa daga irin waɗannan tsofaffi suna zaman haya ko zaman alfarma a Funtuwa da Katsina da Zariya, ba gona, ba sararin tsakar gida, ba kuma wanda ke tambayarsu.

Wani abin sha'awa shi ne, wannan ilmi da ƙasar su Miro ba baƙin juna ba ne. Sifen ita ce Andalus ta littattafan tarihi. A birnin Toledo, inda masanin taurari Az-Zarƙali ya yi aiki a ƙarni na 11, aka fassara littattafan Larabci zuwa harsunan Turai, shi ya sa har gobe taurari da yawa suna amsa sunan Larabci a bakin Turawa. Dabaran ɗin nan ta malamin zaure ita ce suke kira Aldebaran. Watau suna ɗaya ne ya rabu biyu, wani ya haye teku ya yi arewa, wani ya keto Sahara a kan raƙumi ya sauka Katsina. Ba kuma karɓa kaɗai Katsina ta yi ba. Muhammadu ɗan Muhammadu Alkatsinawi, masanin lissafi da falaki, ya rubuta littafi a 1732 a kan yadda ake tsara hatimi mai gidajen lambobi, irin wanda ko ta ina aka tara jimla ɗaya ake samu, ya koyar a Alƙahira, ya rasu can a 1741 a gidan Hasan Aljabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar. Ɗalibai nawa ne a sashen lissafi na jami'o'inmu suka taɓa jin sunansa a aji?

Mun san akwai wanda zai ɗaga gira da jin an ambaci taurari, ya ce ga 'yan boko za su kai mu ga duba. A raba hatsi da tsakuwa. Mai cewa tauraruwa kaza ce ta sa aurenka zai mutu, ko ya buga ƙasa ya gaya maka gobe, wannan malamai sun yi magana a kansa, ba mu da abin ƙarawa. Amma sanin lokaci da alƙibla da hanya ta wurin taurari, wannan Alƙur'ani kansa ya ambace shi a matsayin ni'ima, akwai ma surori masu sunan tauraro da buruji da wata. Ladanin ƙauye kafin zuwan agogo da me yake sanin alfijir ya kusa? Fatake da suka yi ta zirga-zirga tsakanin Kano da Gwanja, da ayarin da ke zuwa Bilma ɗaukar gishiri, da me suke kama hanya in dare ya yi?

Sai maganar kazar da ta taka tawada. A nan ne abin yake ba mu mamaki ƙwarai, domin mai wannan dariya in ka dube shi, hular da ke kansa cike take da ɗigo da layi da murabba'i waɗanda ba su yi kama da kome ba. Rigar da ubansa ke sawa ranar salla tana da aska takwas a gaba da tambari a baya, ba wanda ya taɓa cewa maɗinkin ya kasa zana aska ta gaske. Allon zayyanar da aka yi masa ranar saukar karatu, da'ira ne cikin da'ira, ja da kore da rawaya, an ja su da alƙalamin kara. Ƙwaryar furar uwarsa an ƙona mata zane da wuƙa mai zafi. Faifan da aka rufe ta da shi, da lallen da ke hannun ƙanwarsa, da jeren kwanonin da ke bangon ɗakin amarya suna ƙyalli in an kunna fitila, da dagin da ke goshin soro a Zariya da Kano, duk zane ne wanda bai kwaikwayi siffar wani abu ba. Ko a Ƙanƙara, inda Allah Ya ajiye farar ƙasa mai yawa, mata sun daɗe suna yi wa ɗaki ado da ita. Addini ya sa kakanninmu suka kauce wa sūranta mai rai, sai suka zuba basirarsu a layi da ɗigo da launi, suka yi ɗaruruwan shekaru suna gogewa. Turai kuwa sai a farkon ƙarni na 20 masu zanenta suka yi ƙarfin halin sakin kwaikwayo, aka yi ta yi musu tsiya. Picasso ma, ɗan ƙasar su Miro, ya cika wasu shafukan littafinsa a 1924 da ɗigo da layi zalla, masu kama da taswirar sama.

Ba muna cewa Miro daga wurinmu ya ɗauka ba, bai san mu ba, kuma a zanensa akwai tsuntsaye da mata da idanu a ɓoye, abin da mai zayyana ba zai sa ba. Abin da muke cewa shi ne idon Bahaushe ya riga ya iya karanta irin wannan rubutu tun yana goye. Makarantar boko ce ta kankare masa. A firamare, in lokacin zane ya yi, malam zai kafa kofi ko fartanya a kan tebur ya ce a zana, wanda nasa ya fi kama da kofi shi ne gwani, wanda ya cika takardarsa da irin adon ƙwaryar gidansu a ce ya yi shirme. Shekara shida ana wannan, yaro ya fito da imanin cewa zane shi ne kama, abin da kakarsa ke yi kuwa aikin hannu ne na mutanen ƙauye. Shi ya sa ɗan boko yake raina Miro da mai ƙwarya a lokaci ɗaya, kuma da dalili ɗaya. Bambancin kawai, in an gaya masa farashin na Miro sai ya fara tunanin ko akwai abin da bai gani ba, ita kuwa mai ƙwarya ya taya kayanta naira ɗari biyu.

An taɓa yin wannan faɗa a nan Arewa, aka kuma ci nasara. A 1958 wasu ɗalibai a kwalejin Zariya wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya suka ce ba za su ci gaba da zana abin da malamansu Turawa suka zo da shi kaɗai ba, sai sun haɗa da na gida. Okeke ya koma wurin mahaifiyarsa ya koyi uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bango, ya mai da shi abin da duniya ke zuwa kallo. Ɗalibai ne kamarmu, shekarunsu kamar namu. Abin da ke ci mana rai shi ne a Zariya suka yi wannan, a tsakiyar garin Babban Gwani Muhammadu Durugu, garin da bangayensa suka fi na ko'ina ado, amma 'ya'yan masu bangayen ba su cika shiga wannan fage ba. Har yau iyaye da yawa a wajenmu in yaro ya ce zane zai karanta, sai a ɗauka ya rasa abin yi.

Akwai suka guda ɗaya mai nauyi, ba kuwa za mu kauce mata ba. Wani ɗan Sabuwa zai ce: an kashe mana mutane, an sace mana mata, ƙannenmu suna bara a tasha, ku kuna nan kuna zancen wani Bature da taurarinsa. Ya kuma ƙara da cewa shi Miro yana da kuɗin jirgi, da gidan surukai a tsibiri, da gonar gado da zai koma, da dillali a Amurka mai jiran kayansa, alhali wanda aka kora daga ƙauyensa a ƙasar Faskari da rigar jikinsa kaɗai ya fita. Wannan gaskiya ce, ba mu musa ba. Zane bai taɓa tare harsashi ba, takardun Miro ba su rage wa yaƙin Hitila ko kwana ɗaya ba, kuma duk wanda ya ce a bar maganar tsaro da abinci a kama ta fenti ya cancanci a yi masa ihu. Amma a duba abin da mutumin ya zaɓa ya ɗauka ranar gudu. Masu mulkin ƙasarsa sun hana harshensa a makaranta da ofis, masu mamaye ƙasar da ya fake suna ƙona irin zanensa suna kiransa lalatacce, shi kuwa ya zauna wata ashirin yana ɗiga ɗigo ɗaya bayan ɗaya da haƙuri irin na mai ɗinkin hula. Mu a ganinmu wannan taurin kai ne, irin na wanda ya ƙi yarda a gaya masa abin da zai riƙa tunani da dare. Ɗan bindiga ba saniya kaɗai yake nema ba, so yake ya zama shi ne abu na ƙarshe da za ka tuna kafin barci, shi ne na farko in ka farka. Al'ummar da ta kai shekara goma ba ta da zance sai nasa, ko an wayi gari an kawar da shi, za ta tarar ya tafi da abin da ba a fansowa da kuɗi.

Ga kuma wani abu da ba a cika lura da shi ba. Wani bincike da aka buga a 2016 ya nuna kashi ɗaya cikin uku na mutanen duniya ba sa iya ganin farin zanen nan mai kama da hanya da ke ratsa sama da dare, saboda hasken lantarkin birane ya shafe shi. A Turai kashi 60 cikin ɗari ne, a Amurka ta Arewa kusan kashi 80. A can har kuɗi mutane ke biya a kai su inda duhu yake don su ga abin da ke bisa kan kowane ɗan Ruwan Godiya kyauta. Ba yabon rashin lantarki muke yi ba, Allah Ya kiyaye, muna son wuta a asibiti da makaranta kamar kowa. Amma duhun da Miro ya samu na 'yan watanni saboda dokar yaƙi, mu gadonsa muka yi, kuma mun sa wa abin da ke cikinsa sunaye tun kafin a haifi kakansa.

Saboda haka ga abin da muke roƙo, ba kuwa mai tsada ba ne. Ƙungiyoyin ɗalibai na Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, maimakon a ƙare kuɗin shekara a liyafar rantsar da shugabanni da buga kalanda mai hotunansu, a sayi littattafan rubutu a raba wa 'yan ƙungiya lokacin hutu. Kowa ya nemi tsoho ɗaya ko tsohuwa, a gida ko a inda gudun hijira ya kai su, ya zauna ya tambaya: wace tauraruwa ake ciki, me ake yi a cikinta, me ake kiran wancan gungu, wane labari ake bayarwa a kansa. A rubuta yadda aka faɗa, da sunan garin mai faɗin, kada a gyara masa furuci don ya dace da Larabcin littafi, domin bambancin da ke tsakanin Haƙa'ar wannan gari da ta wancan shi ma abin sani ne. Mata sun fi riƙe labaran, maza sun fi riƙe lissafin, saboda haka 'yan'uwanmu mata ɗalibai su ne za su shiga inda mu ba za mu shiga ba. Abin da aka tara a kai sashen Hausa na jami'a, a kuma ba wannan mujalla ta buga.

Ku kuma da kuka riga mu kama aiki, akwai naku. Malamin gona da ke kai wa manoma hasashen damina na hukuma, ba abin da zai rage shi in ya san a wace tauraruwa ranar da ke takardarsa ta faɗa, hasali ma sai an fi saurarensa. Malamin firamare da aka tura makarantar da 'ya'yan masu gudun hijira suka cika, ya ɗauke kofin nan daga kan tebur ko sau ɗaya a wata. Ya ba su takarda, ko bayan tsohuwar takardar jarrabawa ce, da gawayi da shuni da jar ƙasa, ya ce kowa ya zana daren garinsu yadda yake tunawa da shi. Wasu za su zana babura da wuta, a bar su su zana. Kada a ba da maki, kada a ce wannan bai yi kama ba. A rubuta sunan garin yaron da shekararsa a bayan takardar, kamar yadda Miro ya riƙa rubuta wuri da kwanan wata a bayan kowace tasa, sa'an nan a adana su a ofishin hedimasta cikin akwatin da gara ba za ta ci ba.